"Gas Ya Ƙare": Bayani Kan Na'urar Sanyaya Mota Da Dalilan Da Kan Sa Ta Hura Iska Mai Zafi

1.0 Gabatarwa

A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, babu kukan da masu gyaran sanyin mota suka fi ji kamar na mai motar da ya kunna na'urarsa ta huro masa iska mai ɗumi. Galibi da hukuncinsa yake zuwa gareji, domin tun kafin a buɗe bonet ya riga ya ce, "Gas ne ya ƙare, a ƙara mini." Shi kuma mai gyara, da yake ƙarin gas ya fi bincike sauƙi da saurin biya, sai ya ƙara. Bayan mako biyu ko uku a sake dawowa da kuka iri ɗaya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda wannan na'ura take aiki, da hanyar da ake bi daki-daki a gano abin da ya hana ta sanyi. Daga nan za a dubi ita kanta jimlar "gas ya ƙare", domin a nuna cewa tana ɗauke da fahimtar da ta saɓa wa yadda na'urar take, kuma wannan saɓani yana jawo asarar kuɗi da lalacewar kaya, wani lokaci ma har da haɗari ga rai.

2.0 Tushen Aikin Na'urar

Bahaushe ya daɗe da sanin tushen wannan aiki a cikin gidansa. Ruwan randa yana yin sanyi ne saboda wani ɓangare nasa yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin jikin yumɓu, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da zai koma tururi tilas ya kwashi zafi daga abin da yake jingine da shi. Haka gumi yake sanyaya jiki. A kan wannan ƙa'ida ce Mohammed Bah Abba, wani malami daga Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu don adana kayan lambu, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Na'urar sanyaya mota ita ma kwashe zafi take yi daga cikin mota ta zubar da shi a waje. Bambancinta da randa biyu ne. Na farko, maimakon ruwa tana amfani da wani sinadari mai tafasa tun yana cikin tsananin sanyi. Wanda ake kira R-134a, alal misali, yana tafasa a wajen digiri 26 ƙasa da sifiri idan ba a matse shi ba. Na biyu, tururin randa yana bin iska ya tafi, amma na'urar mota tana kama nata tururin, ta matse shi ya koma ruwa, ta sake amfani da shi. Wato sinadarin yana kewayawa ne cikin rufaffiyar hanya, ba a ƙona shi kamar man fetur. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa sauran bayani ya dogara.

2.1 Sassan Na'urar

Sassa biyar ne manya. Na ɗaya shi ne kwamfireso, wanda bel ɗin inji ke juyawa. Aikinsa zuƙo tururin gas ya matse shi, kuma matsin nan yana sa tururin ya fi iskar waje zafi. A motoci da yawa akwai kuloci mai aiki da maganaɗisu a goshinsa, shi ne ake jin ya yi "ƙas" idan an kunna sanyi.

Na biyu ita ce kwandensa, mai kama da saƙar zuma, wadda ke gaban lagireto. A nan iskar gudun mota da ta fanka ke ɗauke zafin tururin har ya koma ruwa. Na uku ita ce diraya, wata 'yar tukunya mai ɗauke da ƙwayoyin da ke tsotse laima da tace datti. Na huɗu shi ne bawul, wata matsattsiyar ƙofa wadda ruwan gas ke kurɗawa ta cikinta, da ya fita matsinsa ya faɗi, sanyinsa ya tsananta. A wasu motocin wani siririn bututu ne ke yin wannan aiki. Na biyar ita ce ibaforeta, wata saƙar da ke ɓoye a bayan dashbod. A cikinta gas ke tafasa yana kwashe zafin iskar da fankar ciki ke turowa, sa'an nan iskar ta fito wa fasinja da sanyinta. Ruwan da ake gani yana ɗiga a ƙarƙashin mota laimar iska ce da ta taru a jikin ibaforeta, kamar raɓar da ke taruwa a jikin kwalbar ruwan sanyi, kuma alamar lafiya ce.

3.0 Ire-iren Gas

Kamfanin Packard na Amurka ne ya fara sayar da motoci masu na'urar sanyi a 1939. Daga wancan lokaci har farkon shekarun 1990, gas ɗin da aka yi amfani da shi shi ne R-12, wanda aka fi sani da Freon. A 1974 masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna cewa sinadarai irin wannan suna cinye rufin ozon da ke kare duniya daga illar hasken rana. Wannan ya kai ga Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ta sa aka daina ƙera shi, aka koma R-134a. Shi wannan bai taɓa ozon, amma ƙarfinsa wajen ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon sau 1,430. Saboda haka tun daga watan Janairu na 2017 Tarayyar Turai ta hana sayar da sababbin motoci masu amfani da shi, masu ƙira suka koma R-1234yf. Gyaran Kigali na 2016 kuma ya ɗora wa ƙasashe rage amfani da dangin R-134a sannu a hankali.

Amfanin wannan tarihi ga mai mota a ƙasar Hausa shi ne, motocin da ake shigowa da su na hannu, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam, ba gas ɗaya suke sha ba. Kowace mota tana da takarda manne a ƙarƙashin bonet mai nuna irin gas ɗinta da nauyinsa, wanda a ƙananan motoci galibi yake tsakanin giram 400 da 800. Kowane gas kuma da irin man da ke tafiya da shi. Motoci masu haɗa fetur da lantarki, waɗanda kwamfiresonsu ke aiki da wuta mai ƙarfi, suna da mansu na musamman, kuma zuba musu man gama-gari na iya lalata kariyar wayoyin cikinsa.

4.0 Bin Sawun Matsala

Hanyar bincike ita ce a fara da abin da ido da hannu da kunne za su iya ganewa, a bar abin da ke bukatar kayan aiki zuwa ƙarshe. Tambayoyi huɗu ake yi bi da bi: shin iska na fitowa da ƙarfi? Shin kwamfireso na aiki? Shin kwandensa na zubar da zafi? Shin iskar da aka sanyaya tana isowa ba tare da ta gaurayu da mai zafi ba?

4.1 Ƙarfin Iska

Idan an kai fanka ƙarshe amma iska na fitowa a raunane, abin zargi na farko shi ne matatar iska ta cikin mota, wadda a motoci da yawa take bayan akwatin da ke gaban fasinja. Ƙurar hunturu kan toshe ta cikin 'yan watanni. Idan babu iska ko kaɗan, sai a duba fis da ita kanta fankar. Idan kuwa iska na farawa da ƙarfi, sai ta yi ta raguwa a doguwar tafiya, ta kuma dawo bayan an kashe sanyi na ɗan lokaci, to ƙanƙara ce ke rufe ibaforeta, galibi saboda na'urar da ke auna sanyinta ta lalace. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ƙarin gas zai magance.

4.2 Kwamfireso

A tayar da inji, a kunna sanyi, a dubi goshin kwamfireso daga nesa, ba tare da kai hannu ko hannun riga kusa da bel ba. Idan faifan tsakiya ya kama yana juyawa tare da bel, kuloci na aiki. Idan bai kama ba, dalilan da suka fi yawa su ne fis ya ƙone, ko rile ya mutu, ko waya ta tsinke, ko naɗin maganaɗisun ya ƙone, ko kuma makunnin matsi ya hana shi tashi. Shi wannan makunni an sa shi ne don ya kare kwamfireso idan gas ya yi ƙasa ƙwarai ko matsi ya yi yawa. Masu gyara da ke tsallake shi da guntuwar waya su bar shi haka, sun cire mai gadi ne daga bakin ƙofa.

Akwai kuma motar da ke sanyi da safe, amma da inji ya ɗau zafi sai kuloci ya saki ya ƙi kamawa. Sau da yawa ratar da ke tsakanin faifan da mazauninsa ce ta yi faɗi saboda cin shekaru. Ratar ba ta kai milimita ɗaya ba a yadda aka ƙera ta, kuma maganaɗisu na rage ƙarfi idan ya yi zafi. Gyaranta rage 'yan zobban ƙarfe ne, ba ya bukatar sabon kwamfireso. Haka nan idan injin mota na zafi fiye da kima, kwamfutar motar kan kashe sanyi da kanta. Sai dai a lura cewa sababbin motoci da yawa suna da kwamfireso marar irin wannan kuloci, wanda goshinsa ke juyawa kullum, wani bawul na lantarki ne a cikinsa ke ƙayyade aikinsa. Irin wannan ba a yanke masa hukunci da ido.

4.3 Kwandensa Da Fankarta

Motar da ke sanyi a kan babbar hanya amma ta koma zafi a cunkoson cikin gari ta riga ta faɗi ciwonta da bakinta. A guje iska na ratsa kwandensa da kanta. A tsaye kuwa fanka kaɗai ke wannan aiki. Saboda haka a duba ko fankar na tashi idan an kunna sanyi, a kuma duba ko ƙura da laka da ƙwari da leda sun liƙe saƙar. Wanke ta da ruwa marar ƙarfi kan maido da sanyi ba tare da an taɓa gas ba. Ruwa mai ƙarfi irin na wasu wuraren wankin mota yana lanƙwasa siraran fikafikanta.

4.4 Shaidar Bututu

Bututu biyu na alminiyam ke shiga cikin mota daga wajen inji. Idan na'ura na da lafiya, mai kaurin zai yi sanyi har ya yi gumi, siririn kuma ya yi ɗumi ko zafi. Idan mai kaurin na da sanyi sosai amma iskar ciki na da zafi, to gas da kwamfireso sun fita daga zargi. Laifin na wata 'yar ƙofa ce a bayan dashbod wadda ke gauraya iskar sanyi da ta hita, ko na ɗan motan da ke juya ta. Wani lokaci ana jin yana ƙas-ƙas idan an murɗa makunnin zafi da sanyi. Idan kuwa an ga ƙanƙara a wani wuri guda a jikin siririn bututu ko diraya, akwai toshewa a daidai nan.

4.5 Karatun Geji

Gejin masu gyara agogo biyu ne: shuɗi na ɓangaren ƙaramin matsi, ja na ɓangaren babban matsi. Idan inji na kashe ya huce, agogunan biyu kan daidaita, kuma abin da za su nuna ya danganta da zafin gari: ga R-134a, wajen psi 97 a digiri 30, wajen 133 a digiri 40. A nan akwai abin lura. Muddin akwai sauran ruwan gas a ciki, ko da kaɗan ne, geji zai nuna wannan adadi. Ke nan karatun geji a tsaye ba ya faɗin yawan gas, yana dai faɗin ko akwai ko babu.

Idan inji na aiki, shuɗin kan sauko tsakanin 25 da 45, jan ya hau tsakanin 150 da 250, kuma a tsakiyar bazara duka biyun kan haura haka. Idan duka biyun sun yi ƙasa, gas ya ragu. Idan duka sun yi sama, ko an cika gas fiye da kima, ko iska ta shiga hanyar, ko kwandensa ba ta hucewa. Idan shuɗin ya yi sama jan ya yi ƙasa har suna neman haɗuwa, kwamfireso ya gaji. Idan shuɗin ya faɗi ƙasa ƙwarai, har ƙasa da sifiri, alhali akwai gas, akwai toshewa a bawul ko diraya. Idan toshewar na zuwa tana tafiya, laima ce ke daskarewa a bakin bawul, ta narke idan an kashe.

4.6 Neman Yoyo

Idan bincike ya tabbatar gas ya ragu, tambayar da ta rage ita ce ta ina ya fita. Gaskiya ne kowace mota na rasa ɗan kaɗan a hankali ta jikin tiyo da roba cikin shekaru. Amma gas ɗin da aka zuba ya ɓace cikin makonni ko watanni, ƙofa ya samu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da yake mai na tafiya tare da gas, wurin yoyo kan nuna maiƙo da ƙura ta manne masa. Wuraren da aka fi samu su ne zobban roba na mahaɗar bututu, da kwandensa inda tsakuwa ke bugu, da bakin sandar kwamfireso, da bakin zuba gas, da ibaforeta, wadda ta fi wuya domin sai an kwance dashbod. Ana nema da ruwan sabulu, ko da rini mai ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman, ko da na'ura mai sansana gas, ko a cika hanyar da iskar naitirojin a ga ko matsi zai sauka. Ba a yin wannan gwaji da iskar oksijin ta masu walda, domin haɗuwarta da mai cikin matsi na haddasa fashewa.

5.0 Gyara Da Kiyayewa

Illar ƙara gas ba tare da toshe yoyo ba ta wuce asarar kuɗin gas. Gas ne ke ɗauke da mai ya kewaya da shi ya dawo wa kwamfireso. Idan ya ragu, kwamfireso na aiki a bushe har ya ci kansa, garin ƙarfensa ya bazu cikin hanyar. A lokacin tilas a sauya shi tare da diraya da bawul, galibi har da kwandensa, a kuma wanke bututu. Zoben robar da aka ƙi sauyawa ya zama sanadin sayen rabin na'ura. Ƙari da ka, ba tare da awo ba, shi ma kan wuce kima, sanyi ya ragu, matsi ya hau.

Gyara na ƙwarai yana bin wannan tsari: a kwashe sauran gas cikin silinda maimakon sakinsa a iska, a gyara wurin yoyo, a sauya diraya idan hanyar ta daɗe a buɗe, a zuƙe iska da laima da famfon zuƙa na aƙalla minti 30, a rufe a ga ko allura za ta motsa, sa'an nan a zuba gas a kan sikeli daidai da nauyin da takardar bonet ta faɗa. Mai mota na da haƙƙin ganin sikelin da kuma silindar.

Ruwan gas na ƙona fata da ido da tsananin sanyinsa, kuma idan ya haɗu da harshen wuta yana rikiɗa ya zama guba. Zuba gas ɗin girki a na'urar da ba a ƙera ta dominsa ba haɗari ne, domin ibaforeta na cikin ɗakin fasinja. Jabun gas ma na yawo a kasuwannin duniya: a 2011 kwantenonin sanyi sun fashe a Biyetnam da Brazil har aka rasa rayuka, aka kuma danganta abin da jabun gas mai ɗauke da sinadarin R-40, wanda ke cin alminiyam. Araha ba ta ado.

Ta fuskar kiyayewa, yana da kyau a kunna sanyi na kamar minti 10 kowane mako ko da cikin hunturu, don mai ya jiƙa robobi kada su bushe. A sauya matatar iska bayan wucewar ƙura. A kuma buɗe gilasai zafi ya fita kafin a kunna sanyi, domin cikin motar da aka ajiye a rana kan wuce digiri 60.

6.0 Kalmomin Sana'ar

Yawancin sunayen sassan aro ne daga Ingilishi, kuma sun bi ƙa'idojin da aka sani. Sautin /p/ ya koma /f/, an raba cunkoson baƙaƙe da wasali, gaɓar farko kuma ta zama /kwa/ a kwamfireso da kwandensa kamar yadda ta zama a kwamfuta da kwandasta. Waɗannan ba su da wata illa, domin suna ne kawai aka ara.

Illar tana wurare biyu. Na farko, kalmar gas ita kaɗai tana ɗauke da abubuwa huɗu: gas ɗin girki, da man gas na manyan motoci, da gas ɗin walda, da gas ɗin sanyi. Wanda ya ji suna ɗaya yana iya zaton abu ɗaya ne, alhali ga bambancin da aka gani ko tsakanin ire-iren gas ɗin sanyi kansu. Na biyu shi ne aikatau ƙare, na rukuni na 4 a tsarin F. W. Parsons. Ana cewa hatsi ya ƙare, kuɗi sun ƙare, fetur ya ƙare, wato abubuwan da amfani ke cinyewa, waɗanda maganin ƙarewarsu ƙari ne. Da aka ɗora wannan aikatau a kan gas ɗin sanyi, sai ya taho da maganinsa.

Abin sha'awa shi ne harshen yana da kalmar da ta dace, kuma a bakin direbobin take. Ba a cewa iskar taya ta ƙare; cewa ake yi taya ta sace. Wanda tayarsa ta sace kuwa ya san wurin mai faci zai nufa, a tsoma ta a ruwa a nemi huda kafin a ba ta iska. A rukunin na 4 ɗin nan akwai yoye da tsiyaye da zurare, dukkansu masu nuna fita ta wata kafa. Da za a ce gas ya zurare, da tambayar "ta ina?" ta biyo baya da kanta.

7.0 Kammalawa

An nuna cewa na'urar sanyaya mota rufaffiyar hanya ce mai kwashe zafi, kuma iska mai ɗumi na iya fitowa daga toshewar matata, ko matsalar wuta, ko kuloci, ko fanka, ko ƙofar gauraya iska, ko toshewar bawul, ko gajiyar kwamfireso, ko yoyo. Daga cikin waɗannan, na ƙarshe ne kaɗai ke bukatar sabon gas a matsayin magani, shi ma sai bayan an toshe kafar. Malaman da ke koyar da sana'a da Hausa, da masu fassara littattafan koyon kanikanci, da masu shirya ƙamus na kalmomin fasaha, ya kamata su riƙa duban aikatau da ke rakiyar kalmar aro kamar yadda suke duban ita kalmar, domin a wannan sana'a aikatau ɗin ne ke gaya wa mai mota abin da zai nema a gareji.